Ƙiyasin Shekarun Tsofaffin Takardu Marasa Kwanan Wata

Mafi yawan tsofaffin takardun da ke hannun malamai da gidajen sarauta a ƙasar Hausa da Barno ba su ɗauke da shekarar da aka rubuta su. Wanda ya buɗe gafaka ya kan tarar da warƙoƙi a sake ba ɗinki, mai juya littafin ya rufe aikinsa da godiya ga Allah da salati ga Annabi, wani lokaci ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, har ma ya ce ya gama ranar Laraba bayan azahar, amma shekara sai ya bar ta. Haka kuma abin ya ke ga wasiƙu, da ƙananan littattafan ɗab'i da a ke sayarwa a kasuwa, da katunan hoto na farkon zamanin Turawa. Saboda haka duk mai aiki da irin waɗannan takardu, ko mai tarawa ne ko mai bincike, tilas wata rana ya nemi sanin lokacin da aka rubuta abin da ke hannunsa.

Sau da yawa magada su kan fito da littafi su ce kakansu ya karɓe shi daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da alƙalamin Shehun kuma aka rubuta shi. Ba ƙarya su ke nufi ba, abin da suka ji ke nan daga iyayensu, kuma darajar littafin a wurinsu, da kuɗinsa in sayarwa ta kama, duk sun rataya ga wannan magana. Hasarar masanin harshe ta fi wannan nisa. In ya ɗauki waƙar ajami da aka juya a 1930 ya kafa hujja da ita a kan yadda a ke furta Hausa a 1810, to, duk abin da ya gina a kai ba shi da tushe, waɗanda suka karanta shi kuma su ɗauki kuskuren su yi gaba da shi.

Abin da ido ya fara gani shi ne mafi raunin shaida. Jan da takarda ta yi, da dusashewar tawada, da cin gara, da kakkaryewar gefe, duk suna ba da labarin inda aka ajiye takarda ne fiye da labarin shekarunta. Littafin da ya zauna a ɗakin da a ke hura wuta ya kan yi baƙi cikin 'yan shekaru kaɗan, wanda rufi ya zuba masa ruwa damina guda ya kan yi kamar ya shekara ɗari. Har ma abin ya kan juye. Takardar dā da tsummokin lilin da auduga a ke yinta, ba ta saurin lalacewa. Daga wajen 1870 ne takardar da a ke yi da niƙaƙƙen itace ta cika kasuwa, ita kuwa akwai tsami a jikinta wanda ke cinta a hankali, ta yi ja, ta bushe, ta riƙa karyewa in an lanƙwasa. Don haka jaridar shekara hamsin ta kan fi Alƙur'anin shekara ɗari biyu kamar tsufa.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a nemi iyaka biyu. Ta farko ita ce shekarar da ba shi yiwuwa a ce an yi takardar kafin ta, ta biyu kuma shekarar da aka tabbata takardar tana nan a cikinta. Iyakar farko daga jikin takardar a ke samunta, kuma abu mafi sabunta a jikinta shi ke yanke hukunci, ko da abubuwa goma na dā sun kewaye shi, gama tsohon abu yana iya daɗewa ana amfani da shi, amma ba mai rubutu da abin da ba a ƙirƙira ba tukuna. Iyaka ta biyu galibi daga waje ta ke zuwa. Wasiƙun Larabci da aka samu a gidan Wazirin Sakkwato sa'ad da Turawa suka shiga garin a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya buga fassararsu a 1927, ba mai shakkar cewa kafin shigar aka rubuta su. Waƙoƙin ajami da C. H. Robinson ya buga hotonsu a Ingila a 1896, su ma iyakarsu ta tabbata. Haka kuma ranar da aka shigar da littafi cikin rajistar gidan adana takardu na Kaduna, ko gidan tarihi na Jos, ko ɗakin karatu na Jami'ar Ibadan, inda W. E. N. Kensdale ya jera littattafan Larabci tsakanin 1955 da 1958. Wasiƙar sarauta ta fi kowace sauƙi, domin sunayen da ke kanta su kan ba da iyakokin duka biyu. Wadda Sarkin Kano Aliyu Babba ya aika wa Sarkin Musulmi Abdurrahman ba ta fita tsakanin 1894, sa'ad da Aliyu ya hau, da 1902, sa'ad da Abdurrahman ya rasu.

Wani lokaci shekarar tana nan a rubuce, sai dai a ɓoye cikin ramzi, watau kalmar da a ke haɗa lissafin haruffanta ta ba da shekarar Hijira. A nan akwai ramuka biyu da mai bincike ke iya faɗawa. Na farko shi ne lissafin abjadi iri biyu ne. Mutanen gabas suna ba Gaini 1000, Shinun 300, amma malaman ƙasar Hausa lissafin Magariba su ke bi, inda Shinun ke da 1000, Sinun 300, Sadi 60, Ladi 90. A ɗauki ramzi mai haruffa huɗu, Shinun da Ra da Nun da Dal. A lissafin Magariba 1000 ne da 200 da 50 da 4, watau 1254. In an cire kashi ɗaya cikin 33 na wannan adadi, wanda ya ke 38, aka ƙara 622, sai a sami 1838 ta Miladiyya. Wanda ya bi lissafin gabas kuwa 554 zai samu, ya mai da takardar baya da shekara ɗari bakwai. Rami na biyu ya fi haɗari domin ba ya bayyana. Ramzi a cikin baitin waƙa ya ke, mai juyawa kuma ba ya taɓa baiti, saboda haka shekarar wallafa ya ke faɗi, ba shekarar juyi ba. Kwafin da aka yi jiya da wanda aka yi a gaban mawallafi ramzinsu ɗaya. Addu'ar da ke bin sunan mawallafi ta fi taimako. In an roƙa masa rahama da gafara, an juya littafin bayan rasuwarsa ke nan, watau bayan 1817 ga Shehu, bayan 1837 ga Muhammadu Bello. In kuwa tsawon rai aka roƙa masa, ba a gama magana ba, don mai juyawa yana iya kwafe addu'ar kamar yadda ya same ta.

To, sai takardar kanta, wadda ita ce babbar shaida, domin ba a yin takarda a ƙasar Hausa a wancan zamani, daga Turai a ke kawo ta, masu yinta kuwa sun bar alama a cikinta. Yadda a ke yin takardar hannu shi ne a jiƙa tsummoki a kirɓa su har su koma kamar kunu, sa'an nan ma'aikaci ya tsoma wani faranti na waya mai kama da rariya, ya ɗebo, ya girgiza, ruwa ya tsiyaye, abin da ya kwanta a kan wayar ya zama warƙa guda. In an ɗaga irin wannan takarda ga haske a kan ga layuka sirara a matse da juna, da waɗansu masu kauri da suka gitta su, tsakaninsu kamar inci guda. Sawun wayoyin rariyar ke nan. A bisa waɗannan wayoyi mai masana'anta ya kan ɗinka wata siffa da ya lanƙwasa da waya, inda ta taɓa sai takarda ta yi sirantaka, siffar ta fito in an haska. Wannan shi a ke kira tambarin ruwa. A Fabriano ta ƙasar Italiya aka fara shi, wajen 1282.

Tambarin da ya fi yawa a littattafan ƙasar nan shi ne jinjirin wata uku a jere, babba da matsakaici da ƙarami, wanda Italiyawa ke kira tre lune. Masana'antun arewa maso gabashin Italiya ke yin wannan takarda musamman domin kasuwannin Musulmi, ta bi teku zuwa Masar da Tarabulus, daga can fatake su ratso Sahara da ita zuwa Kukawa da Katsina da Kano. Heinrich Barth ya same ta da yawa a kasuwar Kano a 1851, ya kuma faɗi cewa har turkuɗi da sauran tufafi a ke naɗewa da ita. Amma fa ganin wata uku kaɗai bai isa a yi murna ba. Masana'antu da dama sun yi amfani da wannan siffa tun ƙarni na 17 har cikin ƙarni na 20, watau iyakar da ta ke bayarwa ta kai shekara ɗari uku. Abin nema shi ne ƙaramin tambarin da ke ɗaya rabin warƙar, inda mai masana'anta ya kan sa haruffan sunansa. Da ya ke babbar warƙa a kan naɗe ta a yanka gida huɗu ko takwas kafin a yi rubutu, tambari ya kan faɗa a gefe, rabi a wannan warƙa rabi a waccan, sai an haƙura an haɗa su.

Cikin waɗannan sunaye babu wanda ya kai na gidan Galvani yawa. Masana'antarsu tana kusa da garin Pordenone, kuma a kan ga haruffan VG na Valentino Galvani, ko AG, ko cikakken suna Andrea Galvani Pordenone, sau da yawa tare da wata mai fuskar mutum a cikin garkuwa. An haifi Andrea Galvani a 1797, bai riƙe ragamar masana'antar ba sai a shekarun 1830, ya rasu a 1855, amma magadansa suka ci gaba da sa sunansa a takarda har bayan shigowar ƙarni na 20. Abin da wannan ke nunawa a fili ya ke. Shehu ya wallafa Bayanu Wujubil Hijra a 1806, ya rasu a 1817. Kwafin littafin nan da aka samu a kan takarda mai sunan Andrea Galvani ba shi yiwuwa ya zama rubutun hannun Shehu, kome kyawun sanadin da magada suka kawo. Amma kuma sunan bai nuna an juya shi kafin 1855 ba, domin ya daɗe bayan mai shi. Terence Walz ya bi sawun wannan ciniki ta Masar da Sudan a rubutunsa na 1985, Michaelle Biddle kuma, wadda ta duba littattafai a arewacin Nijeriya, ta nuna a 2017 cewa dole a haɗa tambari da awon layuka da irin zaren takarda kafin a yanke hukunci.

Akwai hanyar da za a matse iyakar fiye da haka, ko da ya ke aikinta da wuya. Rariya biyu a ke aiki da su tare a kowace kwatarniya, ɗaya na hannun mai ɗiba ɗaya na hannun mai juyewa, kowace da nata tambari, masu kama da juna amma ba daidai ba. Waya kuwa tana lanƙwashewa, tana tsinkewa, a sake ɗinke ta, cikin 'yan shekaru kaɗan rariyar ta mutu a yi sabuwa. Ashe ke nan in aka sami takarda biyu da suka fito daga rariya guda, da karkata iri ɗaya da tabon ɗinki a wuri ɗaya, lokacin yinsu bai yi nisa da juna ba, in ɗaya tana da kwanan wata sai ta ara wa 'yar'uwarta. Da wannan dabara Allan Stevenson ya warware gardamar wani littafin addu'o'in coci da a ke kira Missale speciale, wanda waɗansu masana suka ce ya riga Baibul ɗin Gutenberg fitowa. Ya nuna a 1967 cewa takardarsa ta wajen 1473 ce, kusan shekara ashirin bayan Baibul ɗin. Masu binciken Turai suna da kundin C. M. Briquet na 1907, mai tambura 16,112 da aka zana daga takardu masu kwanan wata, amma ya tsaya a 1600, saboda haka amfaninsa kaɗan ne ga littattafan Sakkwato. Abin da ya fi dacewa da su shi ne a tara hotunan tamburan takardun ƙasar nan waɗanda shekararsu ta tabbata, irin su wasiƙun sarakuna da Alƙur'anin nan na Barno mai shekarar 1669 wanda A. D. H. Bivar ya ba da labarinsa a 1960. Ko an yi haka sai an bar sarari, domin takardar da ta ratso hamada tana iya daɗewa a shagon ɗan kasuwa, malami kuma ya ajiye ragowarta shekaru kafin ya sa mata alƙalami.

Sauran alamun takarda gajeru ne. Wadda ba ta da layuka sam, sumul ta ke in an haska, James Whatman ya fara yinta a Ingila wajen 1757. Injin takarda ya soma aiki a farkon ƙarni na 19, daga shekarun 1820 kuma aka sami wani gangan waya da ke danna layuka da tambari a kan takardar inji, don haka ba kowace mai layuka ce ta hannu ba. Masana'antun Ingila sun riƙa sa shekara cikin tambarinsu tun 1794 saboda wata dokar haraji, wannan kuwa iyakar farko ce a sarari. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shekarar da Italiya ta auka wa Tarabulus, cinikin Sahara ya durƙushe, kaya suka koma shigowa ta Ikko, takardar Ingila da littafin rubutu mai layi suka yawaita. A shekarun 1950 aka fara zuba wa takarda wani sinadari mai ƙara mata fari, wanda ke ƙyalli in an haska shi da fitilar nan mai shuɗin haske da a ke duba jabun kuɗi da ita. Shi ne ɗaya daga cikin abubuwan da suka tona asirin littattafan da aka jingina wa Hitila a Jamus a 1983.

Tawada da hannun rubutu ba su cika taimako ba. Tawadar gawayi da ƙaro, da ta bagaruwa da kashin maƙera, yadda a ke haɗa su yau haka a ke yi tun kaka da kakanni, almajiri kuma burinsa hannunsa ya yi kama da na malaminsa. Sai baƙuwar tawada ke da magana: mai ruwan shunayya ta kanti ba ta riga 1856 ba, biro kuma bai shiga kasuwa ba sai wajen 1945. A nan ma a yi hattara. Bayanin da jika ya rubuta da biro a gefen littafin kakansa shekarun bayanin kawai ya ke nunawa. Kowane rubutu a kan warƙa da nasa lokaci.

Harshe ma shaida ne mai gefe ɗaya. Waƙar ajami da ta ambaci gwamna ko mota ko sule ta faɗi zamaninta da bakinta. Amma rashin irin waɗannan kalmomi ba hujja ba ne, gama mawaƙin wa'azi na 1950 yana iya tsare harshensa kamar na magabata. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki kari a matsayin tsufa. Bakano in ya ga "shi" inda zai ce "ya", ko "tac ce" inda zai ce "ta ce", sai ya zaci Hausar dā ce, alhali kuwa haka Basakkwace ke magana har gobe. Wannan wuri ya ke nunawa, ba lokaci ba.

Littattafan ɗab'i sun fi yawan alamu. Sunan maɗaba'a shi ne na farko: an kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, hukumar NORLA ta yi aiki a shekarun 1950 aka rufe ta a 1959, kamfanin NNPC ya fito a 1966. Haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, a ƙarshen shekarun 1930 suka shiga rubutun boko. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 da waƙafi da ɗigo ya bambanta su. Ganinsu iyakar farko ce, rashinsu kuwa ba kome ba ne, tun da keken rubutu da maɗaba'u da yawa sun daɗe ba su da su. Farashin da aka buga a bango da sule da sisi ya nuna kafin 1 ga Janairu 1973, ranar da naira ta shigo. Adireshi ma haka: Jihar Kano daga 1967, Jihar Sakkwato daga 1976, Jihar Katsina daga 1987, Jihar Zamfara daga 1996, lambar wayar hannu ta GSM kuma daga 2001. Katin hoto mai layi a tsakiyar bayansa, rabi na saƙo rabi na adireshi, bai riga 1902 ba, shekarar da Ingila ta yarda da shi. Sai dai littattafan Larabci da ajami na kasuwar Kano da Zariya hoton rubutun hannu a ke ɗauka a buga, a yi ta maimaita bugu da faranti guda shekara da shekaru, don haka kwanan watan da ke ƙarshensu na ranar da marubuci ya gama ne. Bango da farashi da irin takarda su za a tambaya game da bugun.

A ƙaddara an kawo waƙar ajami mai warƙa goma sha biyu. Ramzinta ya ba da 1254, an roƙa wa mawallafi gafara a farkonta, takardar mai layuka ce, an haɗa gefuna an karanta Andrea Galvani Pordenone, tawadar ta gida ce, a bayan warƙar ƙarshe kuma wani hannu dabam ya rubuta da tawadar kanti cewa an haifa masa ɗa a shekarar da aka yi yaƙin Satiru. Abin da za a shigar a rajista shi ne: an wallafa a 1838, an juya bayan rasuwar mawallafi, juyin bai riga 1838 ba kuma bai wuce 1906 ba, in dai a shekarar haihuwar aka yi rubutun bayan. A ƙarƙashin wannan a faɗi shaidar kowace iyaka, a haɗa da hoton tambarin da awon tazarar layukansa, domin wanda zai sami takarda mai kwanan wata daga rariya ɗaya ya iya rage shekaru sittin da takwas ɗin nan.